Na'Allah Mai Bin Sawu da Motar Silima

Na'Allah bai riƙe fuskar rabin mutanen Rijiyar Ɗangana ba, amma babu wanda bai san ƙafarsa ba. Idan ka gaishe shi a hanya, sai ya dubi ƙasa tukuna, sannan ya amsa da sunanka. Baƙi sukan ɗauka kunya ce ko ladabi. Ko ɗaya babu, domin daga Gidan Sori har Cadakori ba a yi mutum mai saurin fushi da kaifin harshe kamarsa ba. Sana'a ce ta sunkuyar masa da kai. Bin sawu ya koya wurin kawunsa, wanda ya yi shekara tara yana jan sa cikin daji, yana nuna masa bambancin tafiyar jakin da aka kora da ta jakin da ya ɓace don kansa, da yadda diddigen mai ɗauke da kaya yake nutsewa, da yadda ƙwaro yake ratsa sawun jiya alhali bai riga ya taɓa na yau ba.

Gonarsa ƙarama ce, kuma matarsa Delu ta fi shi sanin iyakarta. Shi dai da an yi sata, ko ta akuya ko ta raƙumi, a ƙofarsa ake sallama. Ɓarawo bai cika ba shi haushi ba. Waɗanda ya tsana su ne masu kawo taimako, waɗanda da jin kururuwa za su sheƙo su cika wuri, su tattake abin da ya kamata a duba, sannan su tsaya suna tambayarsa ko ya ga wani abu. Ya taɓa bin ƙanensa na ciki ɗaya da sanda a kan haka, suka yi damina guda ba su magana.

A wancan zamani bin sawu yana da doka a ƙauyukan, kuma kowa ya san ta. Duk garin da sawun dabbar sata ya shiga, wajibi ne dattawansa su fito su raka shi, suna gani da idonsu, har ya bar ƙasarsu. Shi ake kira fitar da sawu. In ya fita, gari ya wanku. In ya mutu a cikin gari, gari ne zai ɗauki nauyin dabbar. In kuwa a ƙofar mutum ɗaya ya mutu, to, shi ne ɓarawo, ko ya rantse da abin da ya rantse.

A shekara ta biyu da samun mulkin kai, bayan an gama ɗaurin gero, aka kwance takarkari, bijimin ɗaukar kaya, na wani manomi mai suna Sabo a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Sabo ya zo ya ɗauki Na'Allah. Sawun ba mai wuyar ganewa ba ne, domin kofaton baya na dama ya ɓantare ta gefe, duk inda ya taka sai ya bar kamar an gutsuri ƙasar. Kwana biyu suna bi, Sabo yana ƙorafin jinkiri, Na'Allah yana ce masa ya koma baya ya daina jefa inuwarsa a kan aiki. A rana ta biyu da hantsi sawun ya kawo su Rijiyar Ɗangana, garin Na'Allah kansa, ya shiga gonar mai gari ta yamma.

A gonar nan ne Gidaɗo ya kafa rugarsa. Bafillace ne mai shanu goma sha, shekara uku ke nan yana sauka nan bayan kaka, shanunsa suna cin kara suna bar wa mai gari taki. Ɓarawon ya san abin da yake yi: ya kora takarkarin ta tsakiyar makwancin shanu, inda kofato ya hau kofato har ba a bambance na wata da na wata. Sabo bai jira ba. Ya ɗora hannu a ka ya yi kururuwa, gari ya fito, kafin azahar an ɗaure Gidaɗo a jikin darbejiyar ƙofar mai gari.

Na'Allah bai bi su ba. Ya durƙusa ya kama kewaya rugar a kan gwiwa, zagaye bayan zagaye, kowane ya fi na baya faɗi. Sai da la'asar, lokacin da rana ta karkata ta fara zuba inuwa a cikin kowane ɗan rami, ya ga kofaton nan mai ɓantare ya fito daga cikin na shanu, ya miƙe gabas, ya shiga filin kasuwa. Ran nan ba ranar kasuwa ba ce, filin fayau yake. Ya je gida ya kwaso ƙoran Delu goma sha biyu, tana tambayarsa da me za ta dama fura, ya dawo ya kife sawun ɗaya bayan ɗaya har tsakiyar fili, ya riƙe ƙwarya guda a hannu. Sannan ya nufi ƙofar mai gari.

Ya tarar ana feɗe rago ana share zaure. An aiko cewa motar silima ta gwamnati tana tafe daga Maraɗi, a nan za ta kwana.

"Ranka shi daɗe," in ji Na'Allah, "sawu ya fita daga rugar Gidaɗo. Shina filin kasuwa, na kife shi. A taso a gani tun da sauran rana."

Mai gari ya san inda maganar ta nufa. In ya je ya gani, nauyi ya sauka daga kan Bafillace ya hau kan gari.

"Ya fita daga filin ma?"

"Ban kai can ba. Da safe in kai."

"To, sai da safen. Yau baƙin gwamnati gare ni."

"Mutum shina ɗaure ƙofar gidanka awa ragon layya, kana ce mini baƙi?"

"Na'Allah, ba ni na kai sawu rugarsa ba. Kai ka kai shi."

Wannan magana ta soke shi, domin gaskiya ce. Ya juya zai tafi, Gidaɗo ya ɗago kai daga gindin darbejiya.

"Baba Na'Allah, ai ka san ƙafata."

"Na san ta. Ba ta cikin aikin ga. Ka daure zuwa safe."

Motar ta iso gab da magariba, da gardi biyu, dogaran gwamnati, a bayanta. Mai gari ya tare su da labarin ɓarawon da aka kama, suka ce ya faɗo daidai, da safe sai su wuce da shi buro, ofishin hukuma. Daga nan direba ya dubi gari, ya ga babu wuri mai faɗi kamar filin kasuwa, ya karya kan mota ya shiga. Na'Allah yana tsaye yana ji ƙorai huɗu suka fashe a ƙarƙashin taya. Ya ruga ya tsaya a gaban motar ya buɗe hannuwa, yana zagin direban da iyayen da suka koya masa tuƙi.

Hamidu, malamin lakol, wato makarantar bokon garin, wanda ake ce wa Mushe Hamidu irin na Faransanci, shi ne ya shiga tsakani, domin shi aka ɗora wa fassara silimar. Ya bayyana wa baƙin abin da ake ciki. Ɗaya daga cikin gardin ya sunkuya ya ɗaga ƙwarya guda, ya leƙa, ya ga rairayi. Ya ɗaga ta biyu, rairayi.

"Tsohon ga rairayi shike gadi?" ya tambaya, aka yi dariya.

"A matsa da motar bayan masallaci," in ji Na'Allah. "Taki ɗari ne kawai, Mushe. Gaya musu."

Mushe Hamidu ya gaya musu. Suka ce an riga an sauke inji. Aka kafa sanduna biyu a gabashin fili, aka ɗaura farin ƙyalle a tsakaninsu, aka ja igiyoyi ta baya aka kafe da turaku.

Kafin a idar da sallar isha'i mutane sun cika filin. Daga ƙauyukan kewaye suka zo, wasu a ƙafa, wasu a jakai, da tabarmi da kujerun mata da jarirai a goye. Na'Allah ya kare ƙwarya ɗaya, aka ture ta biyu. Ya koma ga ta biyu, wata mata ta ɗauki ta farko tana cewa ai ta Delu ce, bari ta mayar mata kada ta ɓace. A ɗan lokaci aikin yini guda ya koma ƙarƙashin ɗuwawun mutum ɗari shida. Abin da ya rage shi ne bayan ƙyalle, inda gardi suka hana kowa zama saboda igiyoyi. Daga nan zuwa bakin burtali, hanyar dabbobi da ta bi iyakar gari, taki talatin ne. In sawun ya shiga burtali, ya fita daga rugar Gidaɗo, ya kuma fita daga gari, mai gari ba shi da sauran dalilin ƙin tasowa. Amma ta wannan bakin ne mutanen gabas za su koma gida da jakansu da an tashi.

Bai taɓa bin sawu da dare ba, kawunsa ya hana shi. Ran nan ya karɓo fitila wurin Delu ya zagaya baya. Bai yi taki uku ba gardi ya zo ya hure ta, wai tana ɓata hoto. Ya bar shi ya zauna, da sharaɗin kada ya taɓa igiya.

Aka fara da labaran gwamnati, tuta da fareti, aka yi tafi. Sannan aka sa babbar silimar. Waɗanda suka taɓa zuwa Maraɗi sun riga sun cika wa mutane kunne da cewa za su ga dawaki da bindigogi da mutane suna faɗowa daga kan soro. Abin da ya fito daban ne. Wani ƙaramin gari ne a ƙasar Turawa, mai titi ɗaya da rijiya a tsakiya. Da safe aka tsinci gawar mai raba wasiƙu a bakin rijiyar. Aka aiko wani siririn mutum mai laima ya bincika. Ya sauka daga mota, ya tsaya yana duban rijiya. Ya daɗe yana dubanta.

"Mushe, mi shike yi?" wani ya tambaya daga cikin taro.

"Shina tsaye," in ji Mushe Hamidu ta cikin lasifika.

"Mun ga shina tsaye. Mi shike cewa?"

"Bai ce komai ba tukuna."

"To kai mi aikinka nan?"

Na'Allah yana zaune a baya, ya haɗa kai da gwiwa, sai ya lura da wani abu. Hasken yana ratsa ƙyallen ya kwanta a ƙasa a karkace, kamar ranar la'asar mai rauni. Ya kwanta ya ɗora kunci a kan rairayi ya duba ta gefe. Ga shi nan, taki biyu daga hancinsa, kofato mai ɓantare. Ya ja ciki ya matsa. Kafin ya sami na gaba, mai laima ya shiga wani ɗaki mai duhu, ƙasa ta ɓace. Na'Allah ya yi tsaki, ya jira. Da mutumin ya sake fitowa fili ya tsaya a gaban wani farin bango, haske ya dawo ya zauna wuri ɗaya, ya sami uku a jere.

Haka aikin ya tafi. Duk inda mai laima ya tsaya shiru a sarari, taro ya yi gunaguni, Na'Allah ya ƙara gaba a kan sawun. Duk inda aka shiga ɗaki aka kama magana, taro ya ɗan natsu, shi kuma ya kwanta a duhu yana cizon leɓe.

A gaba kuwa haƙuri ya fara ƙarewa. Shatu mai ƙosai, wadda ta kafa kaskonta a gefen fili, ita ta fi kowa murya.

"Tun da anka fara na sauke kasko uku, wanga bai gama shan kafe ɗinsa ba. Shi ba ya da gida?"

"Ina dawakin da anka ce?"

"Wataƙila sun tahi shan ruwa."

"Mushe, ka ce mishi shi yi sauri, gobe sussuka gare mu."

A cikin silimar akwai wani baƙo mai wasa wuƙaƙe, wanda yake yawo gari gari yana kwana a rumfa. Tun fitowarsa ta farko taro ya yanke hukunci.

"Ga mai kisan nan," in ji wani mai babbar murya. "Ba shi da gida, ba shi da dangi, ga wuƙaƙe cike da jaka. Mi ake jira?"

"A ɗaure shi mu tahi mu kwanta."

"In garinmu ne, da tun hantsi an gama."

Na'Allah ya ji su sarai, domin ƙyalle kaɗai ke tsakani. Ya san masu muryoyin ɗaya bayan ɗaya, ya san waɗanda ya taɓa kwana a daji don akuyarsu. Ya ɗaga kai sau ɗaya tak ya dubi ƙyallen ta baya. Mai laima yana tsugune a bakin rijiya, wasu mutane sun matso su gani, ya miƙa laimarsa ya tare su kada su taka. Na'Allah ya dube shi, ya mayar da kuncinsa ƙasa.

Sau biyu injin ya tsaya don a canza faifai, wuri ya yi duhu, ya ji mutane suna miƙewa suna kakkaɓe tabarmi. Sau biyu Mushe Hamidu ya zaunar da su da alkawarin cewa faɗan yana gaba. A faifai na uku mai laima ya zauna a kan wani benci a tsakiyar fili, da rana tsaka, bai motsa ba, bai yi magana ba, har wani ya jefi ƙyallen da ɓawon gyaɗa. A wannan zaman ne Na'Allah ya kai bakin burtali. Sawu uku ne a nan, biyu a bakin, na uku a ciki, duka sun fuskanci arewa maso gabas. Ya kife ɗaya da ƙwaryar da ta rage, ɗaya da hularsa, ya tuɓe riga ya rufe na uku. Ya tashi ya zagayo gaba daga shi sai wando, rairayi ya lulluɓe masa rabin fuska.

Babu hanyar zuwa kujerar mai gari sai ta cikin hasken. Inuwarsa ta hau ƙyallen, ƙatuwa, ta rufe mai laima da bencinsa.

"Alhamdu lillahi," in ji Shatu, "ga wani ya motsa."

Aka fashe da dariya, wasu suna tafi, wasu suna cewa ya kauce. Bai dube su ba. Ya durƙusa a gaban mai gari.

"Ranka shi daɗe, sawu ya fita gari. Shina bakin burtali. Taki talatin ne. Ka taso da dattawa biyu yanzu, kafin a tashi."

Mai gari, wanda tun ɗazu yake hamma yana cewa bai taɓa ganin aikin banza irin wannan ba, ya leƙa ta gefen kafaɗarsa.

"Kauce, ka tare mini. Bari a ga wanda ya kashe mutumin."

"Wanda ya kashe mutumin? Mutumin ga hoto ne. Naka shina ɗaure da igiya."

"Ba a ganin sawu da dare, kai da kanka kake faɗa. In tashi in bar baƙi zaune don in je in dubi duhu?"

Na'Allah ya nemo Sabo a cikin taro, ya kama hannun rigarsa. Sabo ya fizge. Ya ce ya gaji da bin ƙasa, kwana biyu ya isa. Ga Bafillace a hannu, ga shanunsa a gona, shi ba ya sakin wannan don ya bi rairayi zuwa inda bai sani ba.

Suna cikin haka silimar ta zo ƙarshe. Ashe ba mai wuƙaƙe ba ne. Ƙanen shugaban garin ne, mai babban kanti, wanda tun farko yake gaishe da kowa yana ba yara alewa. Mai laima ya shiga kantin ya zauna, suka yi magana a hankali, mai kanti ya ɗauki kwat ɗinsa ya sa, ya kulle ƙofa, ya bi shi. Babu gudu, babu duka. Ƙyalle ya yi fari.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan," in ji Mushe Hamidu.

Taro ya tashi da hayaniya. Wasu suna cewa an cuce su, an sa su baro gida don su kalli mutum yana zaune. Wasu suna cewa ƙarya ce, mai kanti mutumin kirki ne, baƙon nan ne ya yi, Turawa ne suka juya maganar. Mai babbar murya yana rantsuwa cewa ko shi aka ba laimar da ya fi haka. Suna faɗa suna naɗe tabarmi suna kwance jakai, mutanen gabas suka yi bakin burtali kamar an buɗe wa ruwa hanya.

Na'Allah ya riga su isa da ƙyar. Ya tsaya da sanda yana dukan jaki da mai jaki, yana kiran kowa da sunansa yana haɗawa da na ubansa. Mutum ɗaya ba ya tare ɗari biyu a duhu. Ya ji ƙwaryar ta fashe, hular ta tafi a ƙafar wani. Sai ya yar da sandan ya kifa a kan rigarsa, ya kafa gwiwoyi da gwiwar hannu, ya bar ƙirjinsa a sama kada ya danne abin da ke ƙasa. Suka ratsa ta gefensa, wasu ta kansa. A nan Delu ta same shi, ta kawo masa zane ya rufa, a nan kuma ya kwana.

Da rana ta fito mai gari ya zo, da dattawa, da gardi biyu, da Sabo, har yanzu suna gardamar mai kanti da mai wuƙaƙe. Na'Allah ya ɗaga rigar a hankali. Sawu ɗaya ne, cikakke, da ɓantarensa, a cikin burtali.

"Guda ɗaya," in ji mai gari. "Daga ina ya zo? Ina na bayansa, ina na gabansa?"

"Na bayansa kun zauna a kai. Na gabansa jakanku sun taka."

"Shanu nawa ke bin burtalin ga a yini?"

"Mai wanga kofato ɗaya ne. Sabo, zo. Kwana biyu kana bin shi. Duba ka faɗa tsakaninka da Allah."

Sabo ya matso ya sunkuya. Ya daɗe yana dubawa, kuma Na'Allah ya ga yadda yatsun ƙafarsa suka ƙanƙame takalmi.

"Ban iya rantsuwa," in ji Sabo. "Kofato duk kofato ne."

Abin da Na'Allah ya faɗa musu a wurin ba ya rubutuwa. Ya fara da Sabo, ya bi ta kan dattawa, ya ƙare a kan mai gari, har gardi ya ce in ya ƙara kalma ɗaya za a haɗa da shi. Aka kwance Gidaɗo daga darbejiya aka jefa shi bayan mota tsakanin inji da sanduna. Aka ware karsana biyu daga garkensa aka ba Sabo ya riƙe. Motar ta tashi.

Na'Allah bai shiga gida ba. Ya karɓi goran ruwa da ɗan dawo a hannun Delu, ya bi burtali shi kaɗai, ba wanda ya aike shi. Sai da ya wuce inda jakan jiya suka rarrabu ya sake tsintar sawun. Kwana biyar yana bi. Ya sami takarkarin a turke a wani ƙauye bayan Cadakori, a gidan wani mai fataucin dabbobi wanda ya ce a hanya ya saye shi wurin mutumin da bai san sunansa ba. Dattawan can suka bi doka, suka dubi kofato suka dubi sawu, suka kwance masa shi.

Bai kai wa Sabo ba. Ya ja shi har ƙofar buro, ya ɗaure a jikin itace, ya zauna kusa da shi. Aka ce ya kawo takarda, ya ce ga takardar nan tana tuƙa. Aka ce ya dawo jibi, ya ce nan zai jira jibin. Kwana biyu yana zaune yana faɗa wa duk mai shiga da mai fita abin da ya kawo shi, da murya mai kaiwa har ciki. A rana ta uku aka aika Sabo ya zo, ya ga dabbarsa, ya kasa cewa kofato duk kofato ne. Aka fito da Gidaɗo. An aske masa kai, ya rame, wuyan hannunsa duk sawun igiya.

Suka kamo hanya tare har suka hango rumbunan Rijiyar Ɗangana.

"Ka zo gida ka ci abinci," in ji Na'Allah. "Gobe in tsaya a mayar maka da karsananka gaban kowa."

"Ka karɓo mini su, Baba, ka kawo mini bakin daji. Ni ba ni sake taka garin ga."

Haka aka yi. Gidaɗo ya tashi da rugarsa ya yi arewa, ba a sake ganinsa a wannan ƙasa ba.

Na'Allah ya rayu shekara goma sha tara bayan wannan. Ya ci gaba da bin sawu, ana zuwa ɗaukarsa daga Gidan Rumji da ƙauyukan da suka fi nan nisa, amma bai sake bi wa ɗan Rijiyar Ɗangana ko kaza ba. An haɗa shi da liman, an haɗa shi da surukansa, bai sauya ba. Da bazarar shekara ta uku aka kwance tumaki bakwai a garken mai gari. Wannan karon mutane suka tsaya nesa, ba wanda ya taka, mai gari da kansa ya zo ƙofar gidansa ya yi sallama. Na'Allah ya fito ya bi shi har garken. Ya tsaya a bakin shinge ya dubi ƙasa, ya bi ta da ido har inda ta sha kwana, kuma duk wanda ke wurin ya ga cewa ya gane.

"Ka ga wani abu?" in ji mai gari.

"Na gani."

"To, wa ne ne?"

"Ranka shi daɗe, ku nemi baƙo ku ɗaure," in ji Na'Allah. Ya juya ya koma gida.